Agogon Bango Ya Ja Mini Kweri

Jama'a, yau agogo ya ci amanata a makarantarmu ta Kafanchan!

Ni ke kula da jarrabawar lissafi, kuma an hana shiga da waya. Agogon lantarki na bango ya nuna sha biyu, na karɓe takardu. Wata ɗaliba, Rifkatu, ta fashe da kuka: "Malama, saura mini tambaya biyu!" Ko kallonta ban yi ba.

Ina fita na duba wayata. Wayyo Yesu, sha biyu saura minti goma!

Bulus mai gyaran wuta ya ce, "Madam, agogon nan bugun wutar janareta yake ƙirgawa. In janareta ya ƙara gudu, shi ma sai ya ƙara."

Firinsifal ya miƙo mini kweri. Agogon kuwa yana nan a bango, wai kyautar surukinsa ce, kar a taɓa!