Ranar da Na Zuba wa Birkin Baba Mai

Wata Alhamis ce da la'asar, cikin daminar 2004, ina 'yar shekara tara, na tsuguna a gindin tayar gaba ta motar Baba a ƙofar gidanmu da ke Limawa, riƙe da 'yar kwalbar man keken ɗinkin Mama. Babu Islamiyya ranar, ƙawayena na can bayan layi suna carafke, Baba kuma ya tafi masallaci. Na leƙa ta ramukan tayar, na hango wani faifan ƙarfe yana sheƙi, na zura bakin kwalbar na matsa har sai da ta kusa ƙarewa. Na miƙe ina kakkaɓe zane, ina jin duk Minna babu yarinya mai dabarata.

Sati uku ke nan motar tana damun mu. Da Baba ya taka birki sai ta saki wata ƙara siririya mai shiga haƙori. In ya sauke ni a makaranta, kafin in kai bakin aji yara sun fara kwaikwayon ta, har mai sayar mana da rogo da ƙuli a gindin mangwaro ta ce tun daga kwana take sanin mun iso. Kunya kamar in nutse! Kullum Mama sai ta ce a kai wa bakanike, kullum Baba sai ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu," ya ƙara sautin rediyo. Ni kuwa na sa kunne har na gane tayar gaba ta hagu ce ke kukan. A gidanmu kuma maganin duk abin da ke kuka ɗaya ne: ƙyauren ɗaki, keken ɗinki, injin markaɗen maƙwabta, Mama ta ɗiga musu mai su yi tsit.

Ranar Juma'a mota ta yi shiru. Baba ya dawo daga ofis yana murmushi, ya ce ashe tsakuwa ce ta maƙale, ta faɗi da kanta, sai dai motar na ɗan fizgar sa dama, ƙila iskar taya ce. Na so in ce ni ce, na dai haɗiye, ina jiran ranar da zan ba su mamaki.

Asabar da hantsi aka fara ɗaure kaya. Mama 'yar Bida ce, cikinta ya shiga wata tara, Baba zai kai ta gida haihuwa da zarar an yi azahar. Na gama wanke-wanke da sharar tsakar gida, sai ya aike ni unguwar Tunga wajen Baba Ndagi, bakanikensa, in ce kada ya jira shi, ƙara ta daina. Na same shi a ƙarƙashin rumfar kwano, ya cire tayar wata tasi. Ya ji saƙon ya girgiza kai, ya ce shi bai taɓa ganin birkin da ya warke da kansa ba. Sai na ga ya tashi ya wanke hannu da sabulu har sau biyu kafin ya ɗauki wasu 'yan ƙarafa masu kama da tafin takalmi. Mutumin da rigarsa kanta baƙin mai ce! Na kasa haƙuri na tambaye shi dalili. Da Hausarsa ta Banufe ya ce, "Yarinya, nan wurin ba ya son mai. Ko kaɗan ya taɓa, mota ba zai tsaya ba."

Wallahi ban san yadda na iso gida ba. Na tuna dai takalmina ɗaya ya tsinke a kwata, na ɗauke shi a hannu. Abin da nake gani kawai hanyar Bida da muke bi kowace Sallah, ramukanta da tankokin mai da shanun Fulani da ke ɓullowa titi ba sallama. Sunan kakata aka sa mini, don haka Baba "Uwata" yake kira na, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ba duka nake tsoro ba. Tsorona kada ya dube ni ya ga wadda ta kusa kashe masa mata. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinsa ina komawa. Na ce da kaina ƙila man ya bushe. Na ɗebo ruwa a buta na watsa wa tayar, ruwan ya gangaro da ƙyalli-ƙyallin mai a kansa. Aka zuba mini tuwo na kasa ci, Mama ta taɓa goshina ta ce kewa ce tun ba a tafi ba.

Aka yi azahar. Aka sa akwati da buhun masara a but ɗin mota, Mama ta shiga gaba da ƙyar tana dafe da baya, maƙwabta na cewa Allah ya raba lafiya. Baba ya tayar da mota. Jin injin ne ya tsinka mini komai. Na ruga na riƙe ƙofarsa da hannu biyu, na kai bakina kunnensa, ina kuka ina faɗa masa duk abin da na yi.

Ya saurare ni har na gama, hannunsa a kan sitiyari. Can ya kashe mota, ya juya wajen Mama ya ce ta ɗan koma ciki ta huta, zuciyarsa ba ta kwanta da birkin nan ba, zai je a duba. Ni kuma ya ce in shiga.

A giya ɗaya muka rarrafa har Tunga. Baba Ndagi ya sa jak ya ɗaga motar, ya kwance tayar, ya shafa faifan da yatsa ya nuna wa Baba. Ya zare abin da suke kira fad, wato 'yan ƙarafan nan da ke matse faifan, ga shi jiƙe sharkaf, ya kuma cinye har ya koma kamar fallen kwali. Ya nuna wani ɗan harshen ƙarfe a gefensa, ya ce don ya yi kuka aka sa shi, in fad ya ƙare sai ya soma gogar faifai, mai mota ya ji ya kawo. Ya wanke faifan da fetur, ya sa sabbin fad hagu da dama, ya zaga fili yana taka birki har ya gamsu. Sannan ya dube ni ya ce, "Amma yarinya ya gane taya daidai." Ban iya ko murmushi ba. A hanyar komawa Baba ya tsaya a gefen titi, ya juyo ya dube ni. "Uwata," ya ce, "ke kwana biyu kika yi shiru. Ni sati uku na yi. Maganar ta tsaya nan."

Da safe suka tafi. Bayan kwana tara aka aiko cewa an sami mace.

Yau wurin rumfar Baba Ndagi shagunan waya ne, ban san inda ya koma ba. Ni ma ina tuƙa tawa motar a titunan nan, masu gyara na jona mata na'ura su karanto ciwonta, ba mai buƙatar kunnen kowa. Ƙanwata ta girma har ta fi ni tsawo. Mama kuwa duk taron da aka yi sai ta ba da labarin yadda Allah ya sa wa mijinta wani abu a zuciya ya fasa tafiya ran nan, takan kawo shi shaidar irin tsarkin ransa. Shekara goma sha ɗaya Baba ya zauna yana jin ta tana faɗa, bai taɓa ko kallon inda nake ba, har ya koma ga Mahaliccinsa. In ta fara, nakan sunkuyar da kai in ce Allah ya jiƙansa. Ba ta san ni na fi ta sanin dalilin addu'ar ba.