Ƙofar da Gaisuwa Ta Kwantar

Motar ta marigayi Baffa ce, ƙanin mahaifinmu. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, irin ta tseren nan ta Turawa, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Tsabar ƙasa da take, in ka zauna a ciki kaza ma ido cikin ido kuke kallon juna. Baffa bai bar ɗa ba, da aka zo rabon gado kowa ya kau da kai, ni na ce a bar mini. Yayanmu, wanda shi ne babba a gida, ya ce in ɗauka, amma in sani da rabonsa a ciki. A duk Wudil babu irinta. In na taso daga bakin gada, mutanen Lajawa suna jin kukanta suke fara kaɗa awakinsu gida.

Aibinta ɗaya, ƙofar gefen fasinja ta kwanta. Ƙofofin irin motar nan dogaye ne, ga nauyi kamar ƙyauren masallacin Juma'a. In za ka rufe sai ka ɗaga ta sama, ka tokara da gwiwa, ka buga, ka haɗa da addu'a. Da abin ya ishe ni sai na koma ɗaure ta da robar taya.

Ranar da na ɗauko Hajiya, mahaifiyarmu, daga gaisuwar rasuwa, muna tsakiyar gada robar ta tsinke. Ƙofa ta wangale. Hajiya ta leƙa ta hango kogi, ta damƙe mini wuyan riga, ba ta sake ni ba sai ƙofar gida. Har yau maɓallin rigar nan ban gan shi ba.

"Ni da akwatin nan har abada," in ji ta.

Yaya dama kaɗan yake jira. Da yamma ya kira ni zaure.

"Na yi magana da 'yan gwangwan. Za su zo su farfasa ta su auna."

"Motar Baffa za a ɗora a sikeli, Yaya?"

"Motar da ta so jefa uwarmu a ruwa."

"Iska ta ba ta. Hajiya ta daɗe tana kukan zafi."

Bai yi dariya ba, dama shi dariyarsa sai da Sallah. Muka yi ta ja har ya yanke: akwai sunan jikar Kawu a Utai nan gaba kaɗan. In Hajiya ta shiga motar da ƙafarta, ta je ta dawo ƙofa a rufe ba igiya, mota ta zauna. In ba haka ba, sikeli.

Na ce na ji. Motar nan sai dai a auna ta da ni a ciki.

Na fara da mai walda na bakin titi. Ya zagaya ta, ya ce abin ai mai sauƙi ne, a liƙe ƙofar gaba ɗaya, kowa ya riƙa shiga ta gefen direba. Na ce masa Hajiya ce za ta tsallake giya da zaninta, ko kuwa ta but zan zura ta? Na tafi wurin mai gyaran jikin mota. Shi kuma ya sa katako a ƙarƙashin ƙofar, ya ɗaga da jak har ƙarfe ya yi ƙara, ya tura ta rufu. Na fito ina rawar kafaɗa.

Ban kai kasuwa ba na hango taubashina, ɗan Kawu, dillalin shanu a kara. Mutum ne da in ya hau babur sai ka tausaya wa babur ɗin da wanda ya ƙera shi. Na tsaya gefen titi. To gilashin wannan gefen tun zamanin Baffa ba ya sauka, kuma a garinmu ba a gaida mutum ta bayan gilashi, sai a ce kai wane ne. Saboda haka kullum miƙa hannu nake in buɗe ƙofar. Ya zo ya ɗora hannaye biyu a kanta, ya sauke ƙirji, ya fara.

"Bawana, ina wuni? Ina gajiya? Ya Hajiya? Ya ƙafar tata? Ya zafi? Ya wannan gwangwanin naka?"

Ina amsawa ina kallon ƙofa. Ina gajiya, ta sauka kaɗan. Ya iyali, ta ƙara sauka. Kafin mu kai ga ya muka ji da haƙurin Baffa, wanda ya daɗe da rasuwa, gindinta ya kusa taɓa kwalta.

Nan na gane. Baturen da ya ƙera ta bai san Wudil ba. A can mutum ya buɗe, ya shiga, ya rufe. Mu kuwa rabin garin nan ya jingina da ƙofar nan ya tambayi lafiyar sauran rabin. Kuma duk wanda na rage wa hanya, da ita yake cicciɓo kansa daga ramin kujerar.

"Ɗaga mini ƙofa, buhun dusa," na ce.

"Ubangidan naka kake kora?"

"Ubangidana ya jingina da saniya, ita aka yi don nauyi."

Na koma wurin mai gyara na ce wannan karon ba ɗagawa ba, cirewa za mu yi. Muka tallafe ƙofar da benci, muka kwance ta. Hinjin, wato inda take rataye, ƙusar da ke tsakiyarsa ta cinye ta zama kamar tsinken tsire, ramin kuma ya buɗe har yatsana yana juyawa a ciki. Na shiga Kano neman irinta, duk shagon da na nuna sai a kira maƙwabta su zo kallo. Daga ƙarshe wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya yanko mini sababbin ƙusoshi da bushin na tagulla, wato zobban da ƙusar ke juyawa a ciki. Na dawo muka buga, muka cika da giris, muka rataya ƙofa, muka yi ta sassauta noti muna matsawa, sama kaɗan, ciki kaɗan, har layinta ya yi daidai da jikin mota. Na tura da ɗan yatsa. Ta ce tak, kamar murfin tukunyar amarya.

Shawo kan Hajiya ya fi gyaran wuya. Na kawo mota ƙofar gida, na ce ta rufe da hannunta. Ta rufe, ta ja, ta jijjiga, ta sa ƙafa ta tura daga ciki.

"In na ga ruwa ta ƙasan ƙafata, sai na tsine wa motar nan," ta ce, ta gyara mayafi. Yaya ya biyo mu a tasa motar, yana jira.

Muka isa Utai lafiya. Ina buɗe mata ƙofa sai ga Kawu da kansa ya taso gaida ƙanwarsa. Kawu kuwa shi taubashina ya gado wajen girman jiki. Na ga hannunsa ya nufi saman ƙofa. Ba a ce wa Kawu ɗaga. Sai na zube a gabansa, na cafke hannun da nawa biyu, na fara gaisuwa. Na tambayi iyali, na tambayi mai jego, jaririya, gona, shanu, rijiya, har jakin maƙwabci. Ya ja hannu, na riƙe. Ya ɗago na hagu zai dafa, na haɗa da shi.

"Yaron nan yaushe ya yi hankali haka?" Kawu ya tambayi Hajiya.

"Ba kai yake girmamawa ba, ƙofa ce," in ji ta.

Tana faɗa tana miƙa hannu za ta kama ƙofar ta tashi. Na saki Kawu na cusa kafaɗata a tsakani. Ta harare ni, sannan ta dafa ni da duk ƙarfinta, da gayya. Ashe Hajiya ma da hannunta a kwanciyar ƙofar nan. Kafaɗar sai da aka gasa mini.

Da la'asar muka dawo, muka haye gada ƙofa ko motsi. A ƙofar gida Hajiya ta fito ta tura ta da gefen hannu, tak, ta kalli Yaya.

"Ka ce wa mutanen naka kada su wahalar da kansu."

Yaya ya shige zaure.

Motar tana nan inda take. Gilashin har yanzu ba ya sauka. Wanda ke son gaisuwa ya tsaya in fito in rufe ƙofata, sannan mu gaisa har magariba in yana so. Taubashina yana yawo a kara yana cewa na fifita ƙarfe a kan zumunci. Na aika masa cewa haka ne.