Kibiyar Hamida a Allon Mushe Ajimi

Ranar Talata ce, cikin bazara. Bayan asuba Mushe Ajimi, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Magariya, inda ake ce wa malami Mushe, ya zauna gaban kwamfutarsa zai ƙarasa rahoton ƙungiyar manoman gyaɗa, sai ya tarar rubutun ya ƙanƙance kamar tururuwa. Ya goge gilashinsa, ya sake gogewa. Bai san abin da ya taɓa ba.

Da hantsi ya kira 'yarsa Hamida a Damagaram, inda take aikin kula da kwamfutocin wani biro, wato ofis. Ita ce autarsa, kuma ita ta kawo na'urar gidan tare da ɗan akwatin waifai mai layin waya a cikinsa.

"Baba, ban ga kwamfutarka daga nan ba. Akwatin yana kunne?"

Ba ya kunne. Matarsa Ƙande ta zare shi ta sa cajin wayar maƙwabciya, ta kuma lulluɓe shi da mayafi kada ya yi datti.

"Inna, sau nawa zan faɗa? Ba kwanon tuwo ba ne!"

"To ki zo ki tsare shi da kanki, uwar iyawa," in ji Ƙande daga madafa.

Kafin a mayar da shi kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Sai bayan azahar ya dawo.

Hamida ta taɓa yi masa bayanin yadda abin yake. Daga waje ba mai iya samun kwamfutarsa, domin akwatin ya tare ta, adireshinsa kuma yana sauyawa duk lokacin da aka kashe aka kunna. Saboda haka ta shirya kwamfutar gida ta riƙa leƙawa waje da kanta tana neman tata. Da za ta iya barin hanyar a buɗe, ta shiga lokacin da ta ga dama, amma ta ƙi. Ta ce ba a shiga ɗakin uba babu sallama. Sai wani ɗan allo ya fito da sunanta, shi kuma ya danna ya yarda.

Da la'asar sunan ya fito, ya danna. 'Yar kibiyar da ake nuni da ita a allon kwamfutar ta kama tafiya ita kaɗai, da sauri, ba ta kuskure. Rubutun ya girma. Ta ƙara masa girma fiye da yadda yake a da, ba ta ce komai ba game da idonsa.

"Kaina ke ciwo tun safe," ta ce. "Zafin garin nan ne. Kada ka sake taɓa abin da ba ka sani ba, Mushe."

Kowa na ce masa Mushe don girmamawa, ita kaɗai ke faɗa don tsokana. Ya ce ta sha magani. Ya koma kan rahotonsa har magariba.

Ashe ciwon kan nan sanƙarau ne. Kafin mako ya zagayo an binne ta a Damagaram. Ta yi karatu har jami'a, ta yi aure, ba ta haihu ba. Rabin dangi, daga Bande har Waca, ita ke gyara musu waya da kwamfuta daga nesa, tana faɗa tana yi.

Bayan sun dawo gida Ƙande ba ta ƙara zare akwatin ba. Shi ma bai hana kansa kunna kwamfutar kullum ba, ko da ba shi da abin rubutawa. Ya san ba mai zuwa. Amma hanyar tana nan yadda ta bar ta, kuma ita ce abu ɗaya na Hamida da bai daina aiki ba.

Bayan sadakar arba'in, wata rana da hantsi, allon ya fito da sunanta.

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya danna. Kibiyar ta motsa. Ta tafi hagu, ta tsaya, ta buɗe abin da ba shi ba, ta rufe. Wayarsa ta yi ƙara. Ismail ne, mijinta.

"Baba, ku gafarce ni. Hotuna nake nema, na ga an rubuta Baba na danna. Ban san nan zai kawo ni ba."

"Ba komai, Ismail. Yaya haƙuri?"

"Da godiya, Baba." Sannan ya ce, "Malamin da ya raba gado ya sa kwamfutar Hamida a kasona. Ni kuwa ba na iya buɗe ta ban yi kuka ba. Ƙanena Sabo ke so, zai tafi da ita karatu Yamai. Ko in aiko muku da ita?"

Mushe Ajimi ya yi tunanin kwamfutoci biyu a ɗaki ɗaya, shi yana danna wannan don sunan ya fito a waccan. Ya yi tunanin Sabo kuma, yaron kirki, da abokansa, da mai gyara, da wanda zai saya bayansa, kowa na iya buga masa ƙofa da sunanta. Ya san kuma duk ranar da sunan ya fito zai danna.

"Ba wa Sabo. Amma tun da ka shigo, cire hanyar nan tukuna."

"Ban iya ba, Baba."

"Ni ma ban iya ba. Na dai sha kallonta. Je ƙasa, hannun hagu. A'a, ba wannan ba."

Suka yi ta laluɓe har rana ta take, rezo, wato layin waya, na yankewa suna sake kira. Daga ƙarshe kibiyar ta tsaya tsakiyar allo. Hanyar ta rufe. Ya ɗora hannunsa kan linzamin kwamfutar, kibiyar ta bi shi.

Sabo ya tafi da kwamfutar. Atamfofinta aka raba wa ƙawayenta da 'yan uwa a Waca. Kwanuka da gado suka dawo Magariya a bayan mota, Ƙande ta jera su a ɗakin da ba a kwana. Littattafan karatunta ya kai laburaren wata lakwal. Aka tarar da jaka cike da wayoyin caji da ƙananan sukudireba, ba wanda ya san na wane ne a cikin dangi. Tana rataye a ƙusa bayan ƙofar zaure, wanda ya gane nasa ya ɗauka.