Rigar Sanyi a Ƙarƙashin Hijabi

A lokacin da abin nan ya faru ni tela ce a unguwar Dubeli da ke Jimeta, matar aure mai 'ya'ya uku, kuma ina ji da kaina, domin duk layinmu babu wadda ta kai ni iya yanka leshi. Sai Allah ya ba ni auta wadda ba ta yarda ɗinkina ya taɓa jikinta. Ta makara wajen magana, ba ta kallon mutum a ido, kuma da na saka mata sabuwar riga sai ta hau ihu tana yagar wuyan kamar na zuba mata barkono. Injin markaɗe na tashi za ta toshe kunnuwa ta shige ƙarƙashin gado. Abu ɗaya take yarda da shi, wata tsohuwar rigar sanyi ta yayanta da wanki ya lausasa, a cikin zafin nan na Yola. Maƙwabta suna tsokanata wai mai ɗinkin amare ta kasa tufatar da 'yarta. Ina taya su dariya, amma abin yana cina. Surukata da ke unguwar Wuro Hausa ta ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi, hayaƙin ma ya ƙara birkita yarinyar.

Shekarun nan ne da bama-bamai ke tashi a Jimeta, kowa kuma ya ji ana ɗaura wa yara mata su a jiki. Ƙofar kasuwa, masallaci da coci duk an sa masu bincike da na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe. Da Sallah ta matso sai na ce bari in kai ta kasuwa ta shafa yadudduka da hannunta, ko a dace da wanda fatarta za ta karɓa. Ta ƙi cire rigar sanyin. Don kada a yi mana dariya a hanya na ɗora mata babban hijabi, ban lura da yadda ƙirjinta ya yi tudu ba.

A ƙofar kasuwa na'urar ta yi kuka daidai kunnenta, saboda almakashin da ke cikin jakata, mai binciken kuma ta kai hannu jikinta. Yarinyar ta ƙwalla ƙara, ta fizge daga hannuna, ta ruga cikin kasuwa hannuwa a kunne. Wani ya ce bom. Mutane suka watse, wasu samari suka bi ta. Ina gudu ina cewa 'yata ce, da Hausa da Fulatanci, babu mai jina. Suka kayar da ita, suka yage hijabin, suka yage rigar, ga duka ta ko'ina, a jikin da ko ni uwarta sai na yi dabara nake taɓawa. Wata mai sayar da kifi, Kirista da nake yi wa ɗinkin zuwa coci, ita ce ta faɗa kanta ta rufe ta da jikinta, tana cewa sai dai su fara kashe ta. Da aka ga babu komai sai tsumma, kowa ya sulale, wasu ma suna cewa laifina ne.

Raunukan sun warke. Amma kafin ranar tana kirana Dada, wato uwa da Fulatanci, tana iya neman ruwa da bakinta, daga ranar kuwa ba ta sake furta kalma ba. A asibiti ne wata likita ta zaunar da ni ta ce yara irinta ƙwaƙwalwarsu na jin ƙara da taɓi fiye da namu, bakin ɗinki a fatarta kamar ƙaya yake, rigar nan kuma ita ce kaɗai ba ta yi mata ciwo. Ta ce in riƙa wanke yadi ya yi laushi, in mayar da bakin ɗinkin waje. Na yi kuka sosai a gabanta, domin abin bai fi ƙarfin keken ɗinkina ba.

Yanzu gari ya lafa, ita kuma ta zama budurwa. Tana saka duk abin da na ɗinka mata a juye, amma ba ta ƙetare ƙofar gida. Samarin nan na yafe musu, tsoro ne ya ishi kowa. Ku iyaye, idan yaro yana toshe kunne ko yana ƙin tufa, kada ku ce taurin kai ne, ku kai shi a duba, kuma kada ku ɓoye halinsa don gudun bakin mutane. Ku kuma jama'a, in kun ga yaro yana gudu yana ihu, ku tuna wataƙila ku ne yake tsoro. Ni dai har yau in ina ɗinki nakan tsayar da keke in kasa kunne, ko zan ji ta ce Dada.