Me Ya Ɓata da Za a Bi Sawuna?

Ko zan manta komai a duniyar nan, ba zan manta ranar da aka ajiye wayata a tsakiyar tabarma a zauren mai gari ba. Dattawa sun kewaye ta suna kallo, ni kuma ina durƙushe a gefe, ana jira in faɗi inda nake zuwa duk ranar Alhamis. Shekaru sun ja, amma har yau idan na tuna sai in ji zuciyata ta soma tafasa.

Ni makanikin injin ban-ruwa ne. Daga fadamun wajen Maska har ƙauyukan Ƙarfi babu lungun da babur ɗina bai shiga ba. Kuma tun ina yaro an san ni da taurin kai. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, cewa take yi idan ana so in yi gabas sai a ce mini in yi yamma.

Rigimar wayar ta samo asali ne a rumfar wani abokina mai gyaran waya a Funtua. Na kai masa ita bakin caji ya lalace, yana cikin dubawa sai ya ɗago ya ce, "Kana so in gaya maka inda ka ci abinci ranar kasuwar Bakori da ta wuce?" Na ce masa ya daina mini wasan bokaye. Ya latsa nan, ya latsa can, ya miƙo mini. Sai ga taswira an ja mata layi. Ga gidan surukaina, ga asibitin da na kai matata awo, ga gindin tsamiyar da nake tsayawa in huta a hanyar Malumfashi. Wata da watanni, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba.

Na ce, "Uban wa ya sa ta wannan aikin?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai ka sa ta mana. Ranar da ka saye ta ka yi ta danna na yarda, na yarda, ba ka karanta ba."

Wallahi ji na yi kamar an leƙo ni a banɗaki. Da ya ga yadda raina ya ɓaci, sai ya ce akwai wata manhaja da ake kira mai 'yanci. Ba ta wani kamfani ba ce, jama'a ne suka haɗu suka rubuta ta, kuma a buɗe take, duk wanda ya iya zai leƙa cikinta ya ga abin da take yi, ya cire abin da ba ya so. Na ce ya goge ta kamfanin ya zuba mini ita, yanzu-yanzu. Ya yi, amma kafin ya ba ni sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ka ji da kyau, wannan fa ba layar zana ba ce. Muddin da layi a ciki kuma tana kunne, masu layin sun san ƙarfen sabis ɗin da kake kusa da shi. In kana son ɓacewa da gaske, kashe ta."

Na sha wahalarta kam. Manhajar banki ta ƙi buɗewa, wasu abubuwan sai an yi ta dabara. 'Yan majalisarmu suka samu abin tsokana, ina zuwa za su ce ga mai layar zana nan. Ni kuwa ko a jikina.

Ana nan, cikin damina, 'yan bindiga suka ɗauke yayana a gonarsa da hantsi yana huɗa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ya yi kwanaki a hannunsu, Allah ya ba shi sa'a ya kuɓuce, ya iso gida ƙafafunsa duk ƙaya ta tsattsage su. Bayan masu jaje sun watse ya jawo ni kusa, ya ce mini duk da an ɗaure masa ido, ya ji muryar wani mutumin garinmu a dajin, yana lissafa musu masu shanun huɗa, har yana cewa akwai nasu a cikin gari. Ya faɗa mini sunansa. Kuma Yaya ya ce yana zaton mutumin ya gane an ji shi.

Wa za mu kai wa ƙara? Murya ba shaida ba ce, kuma ba mu san su wane ne sauran ba. Abu ɗaya muka sani, idan Yaya ya ci gaba da kwana a garin nan, ba zai ga kaka ba. Sai na tuna wani tsohon abokin mahaifinmu, Bamaguje, a wata 'yar unguwa can bayan Ƙarfi. Tare suke gayya da babanmu tun suna samari, kowa da abin da yake bauta wa, ba a taɓa jin kansu ba. Da na je masa da maganar bai bar ni na ƙarasa ba, ya ce, "Ɗan abokina ɗana ne, kawo shi." A gari kuwa muka ce an kai Yaya asibiti Zariya.

Daga nan duk Alhamis sai in ɗauki maganin ƙafa da saƙon iyalinsa in tafi. Kafin in bar gari nake kashe wayar, in cire layin in soke shi a hulata. Ina tafe ina jin kaina, wai ni nan babu mahalukin da ya san inda na dosa.

To, satar Yaya ta girgiza gari, aka kafa kwamitin tsaro. Sakataren kwamitin wani malamin makaranta ne, kuma in faɗi gaskiya niyyarsa mai kyau ce. Ya kawo wata manhaja, ya ce duk mai babbar waya ya sa, kowa zai riƙa fitowa a wayarsa a matsayin ɗigo a kan taswira, idan an ɗauki mutum a san inda aka bi da shi. Kowa ya miƙa tasa. Da aka zo kaina ya yi ta fama, tawa ta ƙi karɓa. Na ce, "Malam, kada ka wahalar da kanka. Ko da ta karɓa ba zan sa ba."

Kai! Ashe na taro wa kaina. Ba a yi mako biyu ba aka soma ƙus-ƙus. Mutum yana da wayar da ba a ganinta, kuma duk Alhamis ya ɓace, a kira shi a ji a kashe. Me ake jira? Infoma ne. Wani manomi ya zo ya ɗauke injinsa daga shagona ban ma kwance shi ba. Matata ta je suna, tana shiga mata suka yi tsit. Abin da ya fi ƙona mini rai, har da masu cewa ni na sayar da Yaya. Ranar da na ji wannan, ni da ba na kuka, sai da na shiga bayan shago na share hawaye.

Ranar wata Laraba bayan la'asar aka aiko mai gari yana kira. Na tarar da zaure cike. Aka ce in ajiye wayar a tabarma, na ajiye. Ina ɗaga kai kuwa sai na hango shi, mai muryar nan, zaune daga bakin ƙofa yana jan carbi. Nan na ƙudurta a raina ko yanka ni za a yi ba zan faɗa ba.

Sakatare ya yi bayani, ya ɗaga wayarsa ya nuna ɗigo-ɗigon jama'a, ya ce mutum ɗaya ne kawai babu. Mai gari ya dube ni ya ce, "Kai kuma me ya sa ka fita daban?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wayata ce, da gumina na saye ta. Ba zan ɗaura wa kaina ƙararrawa a wuya ba."

Sakatare ya ce, "Mara gaskiya ne kaɗai yake ɓoye inda yake."

Na juya na ce, "Malam, kai da ba ka da abin ɓoyewa, me ya sa ɗakinka yake da labule? Kuma in tambaye ka, wannan wayar taka da ta san inda kowa yake kwana, idan ta faɗa hannun mutanen daji fa? Ka tara musu garin nan gaba ɗaya a aljihu ɗaya."

Zaure ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce in iya bakina, a gaban manya nake. Mai gari ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, "Bar zancen waya. Ina kake zuwa ranar Alhamis?"

"Ranka ya daɗe, ba zan faɗa ba."

"Ko ni?"

"Ko kai, Allah ya ba ka haƙuri. Amana ce."

Na ga 'yan sintiri biyu sun gyara tsayuwa a bayana. Na san abin da ake yi wa wanda aka laƙaba wa sunan infoma. Amma bakina ya ƙi lanƙwasa. Sai mai muryar nan ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Ai abin mai sauƙi ne. Tun da waya ta gagara, a sa Baba ya bi sawun babur ɗinsa na makon jiya."

Baba da yake nufi wani tsohon maharbi ne, shi ne mai bin sawu na garinmu. Idan an saci sa ko tunkiya shi ake kira, ya bi sawun har garin da ya shiga, mutanen can kuma dole su fitar da sawun daga ƙasarsu ko su nemo dabbar. Ba a taɓa jin ya bi sawu ya dawo hannu rabbana ba. Yana zaune a kusurwa da sandarsa tun da aka fara. Ni dai na ce shi ke nan, Yaya ya gama yawo.

Mai gari ya ce, "Baba, ka ji."

Tsohon ya ɗago a hankali ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Me ya ɓata?"

Aka dubi juna. Sakatare ya ce, "Babu abin da ya ɓata, Baba, so muke mu san inda yake zuwa."

Baba ya ce, "A'a. Ni yadda na gada a wurin ubana, sai an yi ɓata ake bin sawu. Mai kaya ya zo ya ce sana ya ɓata, sannan in ɗauki sanda. Wanda yake bin sawun mutane babu abin da ya ɓata, wannan ba aikinmu yake yi ba, wani abin yake nema." Ya nuna ni da sandar. "Yaron nan kuwa, tayarsa ta baya tana da faci gefen hagu. Tun lokacin huɗa nake ganin sawunsa idan na fita neman saiwa. Na san inda yake zuwa. Ba daji ba ne, kuma ba wurin ɓarna ba ne. Ni na tsaya masa."

Mai muryar nan ya yi caraf ya ce, "To ina ne?"

Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kai me naka ya ɓata?"

Mutumin ya sunkuyar da kai kan carbinsa. Mai gari ya ce tun da Baba ya tsaya mini magana ta ƙare, in ɗauki wayata in tafi. Na ɗauka na fita. Ni da nake taƙama da cire layi ina sokewa a hula, ashe wata biyu wani tsoho yana karanta ni a ƙasa, ya kama bakinsa.

Washegari tun da safe na canza tayar. Na biya ta ƙofar gidansa in yi godiya, ya dubi sabuwar tayar ya kwashe da dariya ya ce, "Ɗan nan, ka canza taya, ba ka canza yadda kake shan kwana ba. Je ka, ka gaishe mini da mai jiki."

Yaya ya zauna a unguwar nan har ƙafarsa ta warke, bayan an cire amfanin gona muka kwashe shi da iyalinsa zuwa Zariya da gaske. Yana nan da ransa, har ya yi jikoki. Mai muryar nan ya bar garinmu daga baya, ban san inda ya yi ba, ban kuma nema ba. Baba ya rasu, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Abin da na koya shi ne, waya mai 'yanci ta rage mini masu leƙe, amma ba ita ta ceci Yaya ba. Mutumin da ya gani ya yi shiru ne ya cece shi, da kuma ƙin da na yi a zauren nan. Har gobe irin wayar nake riƙewa, ana tsokanata ina gyara injina. Kuma duk wanda ya ce in kunna masa ya ga inda nake, kamfani ne ko kwamiti ko ɗan'uwa, tambayar Baba nake yi masa: me ya ɓata? In ya faɗa, ni da kaina zan raka shi nema. In babu, to ya bar mini sawuna.