Shuɗin Ɗakin Kakata

Duk sanda na ji warin sabon fenti, sai in tuna shekarar da aka samu 'yancin kai, da rigimar da aka yi a gidanmu na Bagudo kan bangon ɗaki guda.

Kakata, mahaifiyar babana, daga ƙetaren iyaka aka auro ta, ƙasar da a lokacin ake ce wa Dahome. Ɗakinta shuɗi ne. Kowace shekara bayan girbi takan dama farar ƙasa da shuni, ta shafe bangon da tsumma, yadda uwarta ke yi a can. In ka shiga da tsakar rana sai idonka ya huta. Mu yara har gani muke ruwan randarta ya fi na kowa sanyi.

Babana kuwa ɗan jam'iyya ne mai neman kujera. Ya dawo daga Sakkwato da gwangwani biyu na koren fenti, launin sabuwar tuta, mai ƙyalli da ɗaukar ido. Ya shafe zaure, ya shafe ɗakinsa. Abokan hamayya na yawo da maganar cewa uwarsa ba 'yar ƙasa ba ce, don haka ya matsa sai an shafe nata ma kafin manyan jam'iyya su zo gaishe ta. Ta ƙi. Ya turo liman, ta ƙi.

Ranar kasuwa ta fita, ya sa aka shafe. Da ta dawo ta tarar bangon ya koma kore. Ta fitar da shimfiɗarta tsakar gida, ta kwana uku tana kankare bangon da tsohuwar wuƙa, har yatsunta suka fashe.

Babana ya durƙusa bakin ƙofa ya ce, "Inna, za ki sa in rasa kujerar nan."

Ba ta ajiye wuƙar ba. Ta ce, "Sadda aka kawo ni gidan ga, babu wanda ya tambayi ƙasata. Tutarku ku kai ta bisa sanda. Mai son gaishe ni shi shigo haka nan."

Da ta gama kankara ta sake shafa shuninta. Baƙin suka zo, suka tuɓe takalma, suka zauna cikin sabon shuɗi, ko bushewa bai gama ba. Babana bai ci zaɓen ba, bai kuma taɓa ɗora mata laifin ba.

Yau in za ni wurin danginta, sai an tsayar da ni a shingen iyaka an tambaye ni daga ina, zuwa ina. Nakan ce daga gida nake, gida kuma za ni.