Ranar da Na Yaye Kwanon Gidana

Lokacin da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta dawo Abuja, ni tuwo nake sayarwa a bakin gine-ginen Maitama. Leburori da direbobi da masu gadi su ne masu cinikina, kuma a bakinsu na ji cewa ƙananan ma'aikatan da aka kwaso ba su da wurin kwana, wasu ma a ofis suke shimfiɗa tabarma. Na ce to, ni ma bari in tsoma hannu. Na kwashi adashe na nufi wajen Jiwa, wani tsoho Bagwari ya yankar min gefen gonarsa ta doya. Babu takarda. Kuɗi na kai da goro, mai unguwa ya shaida, aka kafa duwatsu huɗu.

Na sha wuya kafin ginin ya tsaya, yau bulo goma, jibi ashirin. Ɗaki uku ne a jere da banɗaki ɗaya. Kwanon rufi ne ya fi cin raina, sai da na sayar da 'yan kunnena na gwal kafin kafinta ya hau.

Wautar da na yi kunya ce ta jawo ta. Gani nake ma'aikacin gwamnati mai takalmi sau-ciki ba zai ɗauki mai tuwo a bakin komai ba, balle ya kama haya a hannunta. Sai na aika gida aka turo min Yaya, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, yana can zaune ba aikin fari ba na baƙi. Ni na ɗinka masa babbar riga, na ce ya tsaya a matsayin mai gida a idon 'yan haya. Cikin mako biyu ɗaki biyu suka cika, na ukun kuma ya ce bari ya zauna a ciki don ya sa ido. Har godiya na yi masa.

Wata Asabar na je da tsintsiya ina share tsakar gidan, matar ɗaya daga 'yan hayar ta leƙo ta ce, “Mama, in kin gama ki wanke banɗaki. Oga mai gida ya ce ke ce mai shara.” Na wanke banɗakin tas, don nawa ne, amma a hanyar komawa hawaye sun hana ni ganin gabana.

Bayan wata guda tsohon nan mai fili ya biyo ni har rumfar tuwo, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsuguna ya ce, “Yarinya, ɗan'uwanka ta kawo wani alhaji, suna auna fili. Ta ce gidanta ne, za ta sayar. Ran Laraba alhaji zai dawo.” Hausarsa a karkace take, amma na ji kowace kalma.

Ban kai ƙara ba. Da me zan kai, rasit ɗin haya duk sa hannun Yaya ne, unguwa kuma shi ta sani? Na dai san abu ɗaya: a nan, idan ɗan haya ya yi taurin kai ya ƙi tashi, mai gida kan yaye masa rufi, kuma ba mai yin haka sai mai gida. Na nemo kafintan da ya buga kwanon, na ce zai iya cire abin da ya buga? Ya yi dariya ya ce ai cirewa ta fi sauƙi.

Laraba da hantsi muka isa, hadari yana ta haɗuwa a gabas. Yaya yana ciki yana shan shayi da rediyo a gefe lokacin da kwanon farko ya ɗaga, haske ya faɗo masa a cinya. Ya fito ba hula.

“Ke, kin yi hauka ne?”

“Lafiyata lau, Yaya. Ɗan hayata nake tayarwa.”

“Sai na sa an kulle ki.”

“Mu je wajen mai unguwa. Ga Baba mai fili, ga kafinta. Ka faɗa musu ranar da ka sayi ƙusa ko ɗaya.”

Tsohon yana zaune a kan dutsen iyaka, fartanya a kafaɗa. 'Yan haya sun fito sun yi cirko-cirko. Na ce musu su kwantar da hankali, ɗakinsu ba abin da zai taɓa shi. Ana cikin haka motar alhajin ta tsaya. Ya sauke gilashi ya dubi sama, ya dubi Yaya, ya tambayi kafinta wa ya sa shi aiki. Kafinta ya nuna ni da guduma ya ce, “Mai gidan.” Alhaji bai ko fito ba, ya ce wa direba su juya.

Kafin azahar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yaya yana ta jan katifa, ga akwati ga rediyo, ya rasa wanda zai fara ɗauka. Matar nan da ta sa ni wankin banɗaki ta ce, “Hajiya, a shigo da kayansa ɗakinmu?” Yau na zama Hajiya. Na ce duk wanda ya buɗe masa ƙofa, gobe nasa rufin ne.

Ya tsaya a cikin ruwan ya kira ni da sunan da mahaifiyarmu take kirana, ya ce, “Ni fa yayanki ne.” Na ce na sani, da wani ne ai da tuni na yafe.

Na fake a ƙarƙashin indararon 'yan haya na kalli katifar tana shan ruwa har ta gagara ɗauka. Nono ɗaya muka sha da shi, kuma wallahi daɗi na ji. Dangi sun yi ta aiko min cewa na tozarta babba, in je in ba shi haƙuri. Yau sama da shekara talatin ba mu gaisa ba, har yanzu ban je ba.